Shirun Bazawara

Da akwati shida Gwaggo Aminatu ta sauka a Kuala Lumpur. Biyu ne nata. Sauran huɗun lefen Zuhra ne.

Zuhra ba ta san haka ba sai da aka isa gidan Abdulbaƙi a unguwar Cheras, aka jera akwatunan a falo. Gwaggo ta zo ne a cire mata yanar ido, ba ta gani sosai, don haka da hannu ta riƙa shafa su tana faɗin abin da ke cikin kowanne. Wannan atamfofi, wannan leshi da shadda, wancan takalma da jakunkuna, ƙaramin kuma turaruka.

Sannan ta ce Juma'a ta sama za a ɗaura aure a Kano, a masallacin unguwarsu. Ba sai ango da amarya sun je ba, tunda waliyyai suna can. Ita kuma tana nan, za ta kai amarya ɗakinta da hannunta.

Abdulbaƙi yana tsaye a bakin kicin yana murmushi. Zuhra ta sunkuyar da kai.

"Kun gani ko," in ji Gwaggo. "Har yanzu kunyar nan tata tana nan."

Gwaggo yayar mahaifin Zuhra ce. Ita ta ɗauke ta tana ƙarama bayan rasuwar mahaifiyarta, ta sa ta makaranta, ta aurar da ita ga babban ɗanta Haliru. Shekara biyu da auren Haliru ya rasu, ba su haihu ba. Bayan ta fita takaba Zuhra ta samu gurbin digiri na uku a fannin tarihi, ta taho Malesiya, ta kama ɗaki a Pantai Dalam kusa da jami'arsu. A garin ta tarar da Abdulbaƙi, ƙanin Haliru, wanda ke sayen kayan gyaran waya yana aikawa gida.

A watannin baya Gwaggo ta kira ta. Zuhra tana tsaye a tasha tana jiran jirgin ƙasa. Gwaggo ta ce ba ta son 'yarta ta bar gidan da ta tashi, ta ce Abdulbaƙi ya furta yana so, ta ce to ke me kika gani.

Zuhra ta yi shiru. Jirgin ya zo ya tafi tana riƙe da wayar.

Gwaggo ta ce alhamdu lillahi, ta yi mata doguwar addu'a, ta kashe.

Zuhra ta gaya wa kanta gobe za ta kira ta gyara maganar. Gobe ta zo Gwaggo tana fama da hawan jini. Bayan nan aka shiga azumi. Bayan nan Gwaggo ba ta ƙara tayar da zancen ba, sai Zuhra ta ɗauka ya mutu.

A lokacin da aka yi waccan wayar, ta riga ta ce wa wani ɗalibi mai suna Sirajo ta yarda ta aure shi.

*

Aikin da Zuhra take yi a kan wata mata ne mai suna Matilda, 'yar wani basarake a Ingila shekara ɗari bakwai da suka wuce. Wanda duk ya ji sai ya tambaye ta me ya kai Bahaushiya Malesiya karanta auren Baturiya. Amsarta kullum ɗaya ce: a nan ta samu malamar da ta san fannin, kuma takardun kotunan cocin duk an ɗora su a intanet.

Matilda ta yi aure uku. Na farko da wani dattijo mai filaye, ya mutu ya bar ta da ƙuruciyarta da rabon gado mai yawa. Na biyu da wani barde da ke yi wa mahaifinta hidima, a ɓoye, gaban shaidu biyu. A dokar cocinsu ta wancan zamani, in namiji ya ce na ɗauke ki mata, mace ta ce na ɗauke ka miji, aure ya ɗauru, ko ba liman ko ba dangi. Barden ya tafi yaƙi Faransa. Yana can danginta suka haɗa ta da wani ɗan'uwanta don kada filayen su bar zuri'a. Aka yi biki. Matilda ba ta ce komai ba.

A babi na huɗu Zuhra ta rubuta cewa ko dai tsoro ne ya rufe wa Matilda baki, ko kwaɗayin dukiya. Malamarta ta ja layi a ƙarƙashin jimlar, ta ce hukuncin ya yi tsauri, ta ƙara tunani.

Zuhra ta amsa mata a lokacin cewa ba ta ga wani dalili na uku ba.

*

Ranar Asabar Sirajo ya ce ta same shi a mamak ɗin da suka saba zama a Taman Melati, wurin cin abincin Indiyawa Musulmi da ke kusa da tashar jirgi. Ɗan Funtuwa ne, yana digiri na uku a fannin injiniyan ruwa. Mutum ne marar yawan magana, kuma bai taɓa sa ta jira ba.

Ta tarar ya riga ya zauna. Bai yi odar komai ba.

Bayan gaisuwa ya ce jiya da aka idar da sallar Juma'a, a inda 'yan Najeriya kan tsaya su gaisa, wani bawan Allah ya riƙe masa hannu ya ce lallai ya zo walimarsa a Cheras, za a yi tuwo na gaske, mahaifiyarsa ta zo da kuka da daddawa daga gida.

"Na ce Allah Ya sanya alheri. Na tambaye shi wace ce amaryar. Ya faɗa mini sunanki da na mahaifinki. Har fannin da kike karantawa ya faɗa, wai ƙila na taɓa ganinki a taron ɗalibai."

"Me ka ce masa?"

"Na ce na taɓa ganinki."

An fara yayyafi a waje. Mai kawo abinci ya zo ya tsaya, Sirajo ya ce a kawo mata shayi.

"Ban ce musu na yarda ba," in ji Zuhra.

"Kin ce ba ki yarda ba?"



Ta ba shi labarin wayar da tashar da azumin. Ta gaya masa Gwaggo ce ta wanke ta ranar aurenta, ita ce kuma ta kwana da ita a ɗaki ɗaya duk tsawon takaba. Ta ce ba ta taɓa ce wa matar nan a'a ba, ko a kan abinci, ba ta san yadda ake farawa ba. Tana magana hawaye na sauka, tana gogewa da gefen mayafi don kada 'yan teburin gefe su lura. Sun lura.

Sirajo ya saurara har ta gama.

"Shekara guda kina ba ni labarin Matilda," in ji shi. "Kina cewa ke kin kasa gane yadda mace mai hankali za ta zauna a tara mata jama'a ba ta buɗe baki ba. Har haushinta kike ji. Ni kuma ina ta gyaɗa kai."

"Nata daban ne. Ita da aurenta."

"Haka ne. Ke alkawari kawai kika yi."

Da ya ɗaga murya da ya fi mata sauƙi. Ya ce shi abin da ya sani, ba ya halatta mutum ya nemi aure a kan neman ɗan'uwansa. A tsakaninsu shi ya riga, amma a gaban dangi Abdulbaƙi ya riga, kuma na gaban dangi shi ake gani. Ya ce mahaifinsa ya riga ya gaya wa ƙannensa su shirya zuwa Kano bayan Babbar Sallah. Yau zai kira ya ce su dakata.

"Me za ka ce masa?"

"Shi nake tunani tun jiya. Ba na son in ɓata ki a wurinsa, ba na kuma son in yi masa ƙarya."

"Sirajo, ka ba ni lokaci."

"Lokaci ai kin samu, Zuhra. Ni ne ban san ana ƙirga shi ba."

Ya ce ba zai ƙara kiranta ba, kuma kada ta yi wani abu saboda shi, don bai san me ke ransa ba yanzu. Ya biya kuɗin shayin ya fita cikin ruwan ba lema.

Mai kawo abinci ya dawo ya tambaye ta ko za ta ci a nan ne ko tapau, wato a ƙunshe mata. Ta ce ba komai, ta gode.

*

Ranar Litinin aka yi wa Gwaggo aiki. Aka rufe idon da wani murfin roba, aka ce kada ta sunkuya, kada ruwa ya taɓa wurin, kada ta kalli waya. Ɗayan idon dama dishi-dishi yake gani. Zuhra ta dawo Cheras da kwana, tana ɗiga mata magani, tana dama mata kunu, tana riƙe ta zuwa banɗaki. Akwatunan suna nan a falo. Duk wucewa sai ta kewaye su.

Ranar Laraba da hantsi zaman ya ishi Gwaggo.

"Zo ki ba ni labarin matar nan taki da ta hana ki dawowa gida. Tilda take ko wa?"

Zuhra ta zauna a ƙasa kusa da gado. Ta fara da dattijon da mutuwarsa. Gwaggo ta ce Allah sarki, ashe ita ma ta ɗanɗana. Ta tambaya ko Turawan da suna takaba. Ta tambaya mijin bai bar ƙani ba.

"Ya bari. Amma a addininsu na lokacin haramun ne mace ta auri ƙanin mijinta."

"Haramun? To wa zai riƙe ta? Bare?" Gwaggo ta girgiza kai a hankali saboda idon. "Ci gaba."

Da aka zo kan ɗan'uwan da aka haɗa ta da shi, Gwaggo ta tsayar da ita sai an warware dangantakar. Zuhra ta ce kakansa da kakanta wa da ƙani ne. Gwaggo ta ce ai wannan ɗan gida ne, sun yi dabara. Zuhra ta ce sai da aka aika har wurin Paparoma neman izini, saboda an ce jininsu ya yi kusa.

Gwaggo ta yi dariya har ta dafe murfin idon.

"A ce sai an yi tafiyar wata da watanni kafin mutum ya auri jikan ƙanin kakansa. Da a gidanmu ne da babu wanda ya yi aure."

Daga nan Zuhra ta faɗi abin da ta tsallake. Ta faɗi barden, da kalmomin da suka yi a ɓoye, da tafiyarsa yaƙi. Tana kallon tayil tana magana, muryarta na ƙara yin ƙasa. Ta san abin da take yi. Tana fatan Gwaggo ta gane da kanta, ta tambaye ta, ita kuma ta gyaɗa kai kawai.

Ta ce bayan shekaru barden ya dawo ya kai ƙara kotun coci. Aka kira shaidun biyu, aka kira Matilda, ta amsa cewa ta faɗi kalmomin. Aka raba aurenta da ɗan'uwan, aka mayar da ita ga barden. Filayen da aka yi auren dominsu suka koma abin shari'a, gidajen biyu kuma ba su ƙara shiga sabgar juna ba.

"Uwarta tana raye?"

"Tana raye. Ita ta shirya bikin."

Sai Gwaggo ta yanke hukunci.

"Wannan mata ba ta kyauta ba. Shi barden bai yi laifi ba, matarsa ya nema. Shi ɗan'uwan bai yi laifi ba, ba shi aka yi. Ita ce ta zauna tana kallon uwarta tana shiga gida-gida tana gayya."

"Wataƙila kunya ta ji, Gwaggo."

"Kunyar wa? Kanta ta ji wa. Ta guje wa nauyin magana ɗaya ta ɗora wa tsohuwa nauyin gari." Ta gyara filo. "Ki rubuta haka a littafin naki, ki ce ni na faɗa."

Zuhra ta buɗe baki. A daidai lokacin aka turo ƙofar falo.

"Ina matata? A zo a karɓi kaya."

Abdulbaƙi ne da ledojin abinci. Tun tana amarya a gidan wansa haka yake kiranta, irin wasan ƙanin miji, ga shi kuma dama abokin wasanta ne, ɗan gwaggo da 'yar kawu. Ita ma ta saba amsa masa da angona. Bayan rasuwar Haliru ya daina na wani lokaci. Da ya ci gaba, muryar ta canza. Ta ji canjin, ta ci gaba da amsawa kamar ba ta ji ba.

A kicin, tana juye shinkafa a faranti, ya tsaya a bayanta nesa kaɗan. Ya ce ya samu wani gida kusa da tashar jirgi don zuwa makaranta ya yi mata sauƙi, akwai ɗakin da za ta zuba littattafanta. Ya ce ba zai hana ta karatu ba ko shekara nawa ne.

"Na san ba zan zama Yaya Haliru ba," in ji shi. "Ba kuma na nema. Zan dai yi iya yina."

Ta ce Allah Ya saka da alheri. Abin da ya fito ke nan.

*

Bayan la'asar wayar Gwaggo ta yi ƙara. A Kano safiya ce. Baffa Usaini ne, ƙanin Gwaggo kuma ƙanin mahaifin Zuhra, wanda ya zama waliyyinta tun rasuwar mahaifin. Tsohon malamin makaranta ne, ba a san shi da gaggawa ba.

Zuhra ta amsa ta sa a sifika ta ajiye a kan gado. Suka gaisa, ya yi wa Gwaggo ya jiki. Ya ce an sayi goro da alawa, an gaya wa liman. Saura abu ɗaya. Yana son ya ji daga bakin Zuhra.

"Ai na gaya maka ta yarda," in ji Gwaggo. "Na tambaye ta tun kafin azumi."

"Me ta ce, Yaya?"

"Me za ta ce? Shiru ta yi, irin na 'ya'yan kirki."

Baffa ya ce shirun budurwa ne shari'a ta karɓa a matsayin yarda. Wadda ta taɓa aure sai ta furta da bakinta, a ji. Shi ba zai zauna gaban liman ya ce ya bayar ba alhali bai ji ba. Ya ce ba wani abu ba ne, kalma ɗaya ce, a gama.

Abdulbaƙi ya yi 'yar dariya ya fita baranda don ya ba ta wuri. Bai rufe ƙofar gilashin ba.

Gwaggo ta lalubo kan Zuhra ta dafa.

"Faɗa masa, 'yar nan. Baffanki ne, ba baƙo ba."

"Zuhra," in ji Baffa, "kin yarda in aurar da ke ga ɗan'uwanki Abdulbaƙi?"

Hannun Gwaggo yana da ɗumi a kanta. Daga ƙasa ana jin ƙarar babura. Zuhra ta lura cewa in ta ce e, babu wanda zai ji ciwo yau. Sirajo ya riga ya tafi. Abdulbaƙi mutumin kirki ne. Gwaggo za ta warke cikin farin ciki.

"Layin ya yanke ne?"

"Bai yanke ba, Baffa."

"To ina jin ki."

"Ban yarda ba."

Hannun bai ɗaga nan take ba. Ya ɗan tsaya, sannan ya zame a hankali ya koma kan zanin gado.

Baffa ya ce ta maimaita, bai ji da kyau ba. Ta maimaita. Ya tambaya ko Abdulbaƙi ya yi mata wani abu. Ta ce bai taɓa yi mata komai ba sai alheri. Ya tambaya ko akwai wani. Ta ce akwai, ta faɗi sunan Sirajo da garinsu da sunan mahaifinsa.

"To me ya hana shi turowa?"

"Da zai turo bayan Sallah. Yanzu ya janye. Ya ji labarin nan a masallaci."

"Wato shi ma ba ki gaya masa ba."

"Ban gaya masa ba."

Baffa ya yi salati a hankali. Ya ce ya ji, ba zai ɗaura ba, zai je ya sami liman da kansa. Ya ce ita kuma ta sani ba a yin haka, ya tsaya a nan bai ƙara ba. Ya ce Yaya, ki yi haƙuri. Gwaggo ta ce ba komai, sai an jima.

Abdulbaƙi ya shigo daga baranda. Bai kalli mahaifiyarsa ba. Ya ɗauki makullin mota a kan tebur, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

"Sau biyu na tambaye ki ba da wasa ba," in ji shi. "Dariya kika yi. Na gayyaci mutumin da hannuna, Zuhra. Ya ce mini Allah Ya sanya alheri."

Ya fita. Ya rufe ƙofar a hankali.

Zuhra ta durƙusa ta kama ƙafafun Gwaggo. Ta ce ta yafe mata. Ta ce ta yi niyyar kira washegari, ta ce ta ji tsoron hawan jinin, ta ce ba ta son ta zama mai butulci ga wadda ta raine ta. Kuka ya ci ƙarfinta, maganar ta riƙa fita guntu-guntu.

Gwaggo ba ta janye ƙafafun ba.

"Tun yaushe kuke tare da yaron?"

"Tun kafin ki kira ni."

"Da kika zauna ɗazu kina ba ni labarin Baturiya, ni kike gaya wa."

"E."

"Ni kuma na zage na yanke hukunci." Wani siririn ruwa ya fito ta ƙarƙashin murfin robar ya gangaro kuncinta. Zuhra ta miƙa hannu da auduga, Gwaggo ta karɓa ta goge da kanta. "Da a waya kika faɗa mini, da na yi fushi na kwana biyu, ni da ke kawai. Na ɗauka na raine ki yadda za ki iya gaya mini komai. Ashe yadda ba za ki iya ba na raine ki."

"Ba laifinki ba ne, Gwaggo."

"Ban tambaye ki ba."

Ta gyara zama ta jingina da bango. Ta ce babu gidan da ba ta shiga ba kafin ta taho, daga dangin mahaifinsu har ƙawayenta na Islamiyya. An fitar da anko. Akwai masu tahowa daga Zariya gobe. Ba za ta bari su ji a bakin Usaini ko a bakin 'yan unguwa ba. Wanda ta gayyata da bakinta, da bakinta za ta sallame shi.

Ta lalubo wayar ta miƙa wa Zuhra.

"Ba na gani. Ke za ki danna, ni zan yi magana. Fara da Hajiya Rufaida."

Zuhra ta nemo sunan. Ta danna. Aka ɗauka da guɗa, ana kiran uwar ango uwar amarya.

Gwaggo ta bari guɗar ta ƙare. Sannan ta ce an fasa. Ta ce a'a, babu abin da ya faru, yara lafiyarsu ƙalau. Ta ce ita ce ta yi azarɓaɓi, tsufa ne, ta yanke magana ba ta tambayi yarinyar yadda ya kamata ba. Ta ce a taya ta ba mutane haƙuri, kuma kada wanda ya ga laifin Zuhra.

Zuhra ta girgiza kai, ta matso kusa da wayar za ta yi magana. Gwaggo ta ɗaga tafin hannu ta tare ta, ta ƙarasa sallamar, ta jira layin ya mutu.

"Lokacin maganarki ya wuce, wannan nawa ne," in ji ta. "Danna na gaba."